Jakarta: Birnin da ke nitsewa a idon taurarin ɗan'adam

A unguwar Muara Baru da ke arewacin Jakarta, akwai wani masallaci da ruwan teku ya kewaye, har masallata suka ƙaurace masa. A kan tudu aka gina shi, amma ƙasar da ke ɗauke da shi ta yi ta lotsawa har teku ya cim masa. Yau kusan kashi 40 cikin 100 na birnin yana ƙasa da doron teku, kuma a wasu sassan arewacinsa an auna nitsewar da ta kai santimita 25 a shekara.

Babban musabbabin shi ne rijiyoyin burtsatse. Ruwan famfo bai kai ga kowane gida ba, don haka gidaje da otal-otal da masana'antu suke zuƙo ruwan ƙarƙashin ƙasa. Ruwan da ke tsakanin yashi da yumɓu yana taimakawa wajen tallafe nauyin da ke sama. Idan aka janye shi, sai yumɓun ya matse, kuma ko ruwa ya dawo ba ya komawa yadda yake.

Ido ba ya ganin wannan motsi, amma tauraron ɗan'adam yana gani. Taurarin Sentinel-1 na hukumar sararin samaniya ta Turai, waɗanda aka fara harbawa a 2014, suna aiko da igiyar rada ta taɓa ƙasa ta koma, dare ko rana, da hadari ko babu. Idan aka gwada hotuna biyu na wuri ɗaya da aka ɗauka a lokuta daban-daban, sai a gane inda ƙasa ta sauka, ko da 'yan milimitoci ne.

Ruwan kansa kuwa, tagwayen taurarin GRACE da Amurka da Jamus suka harba a 2002 ne suka auna shi. A lokacin da suke aiki, suna bin juna da tazarar kilomita 220, kuma ɗan canjin tazarar yana nuna nauyin ruwan da ke ƙasa. Da su aka gano ƙarewar ruwa a arewa maso yammacin Indiya, sai dai awonsu na manyan yankuna ne, ba ya bambance unguwa da unguwa.

A 2019 Shugaba Joko Widodo ya sanar da mayar da fadar gwamnatin Indonesiya tsibirin Borneo. Amma mutane sama da miliyan 10 za su ci gaba da zama a Jakarta.

Tokiyo ta taɓa shiga wannan hali, inda wasu sassanta suka nitse da fiye da mita 4. Da Japan ta taƙaita zuƙo ruwan ƙasa ta samar da wani madadinsa, nitsewar ta kusan tsayawa cikin shekarun 1970. Taswirar tauraro ta riga ta nuna wa hukumomin Jakarta unguwannin da ya kamata bututun famfo ya fara isa kafin a rufe rijiyoyinsu.