Nazari a Kan Cunkoson Motoci da Rashin Wurin Ajiye Su a Wudil

Duk wanda ya dubi matsayin garin Wudil, yadda Allah ya dasa shi a bakin kogi, bisa babbar hanyar da ta tashi daga Kano ta nufi Maiduguri, har gadarsa ta zamanto mashigar mutanen Gaya da Dutse da Birnin Kudu da Azare zuwa birnin Dabo, ba zai yi mamaki ba in ya ga ni'imar da ta raya garin ita ce yau ta zame masa jarrabawa.

Sababi na farko shi ne yawaitar wuraren aiki ba tare da an yi wa ababen hawa tanadi ba. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, Dutse ta zama hedkwata, ma'aikata da dama suka bar iyalansu a Kano suna kai da komo ta Wudil; sa'an nan aka kafa Jami'ar Kimiyya da Fasaha a 2001, wadda yanzu take ɗauke da sunan Aliko Ɗangote, ga Makarantar Horar da Hafsoshin 'Yan Sanda, ga babban asibiti da sakatariya da bankuna. Jami'a da makarantar 'yan sanda dai suna da yalwar fili, amma ofisoshi da shagunan cikin gari an gina su ne daf da kwalta, saboda haka ma'aikaci da mai neman biyan bukata ba su da inda za su aje mota illa gefen titi.

Sababi na biyu, wanda ya fi na farko nauyi, shi ne kasuwar Juma'a da kararta ta shanu, wadda sunanta ya kai har Kudu. A wannan rana tireloli sukan yi jerin gwano suna jiran lodi, tifofin yashi suna haurowa daga kogi, direbobin haya sun bar tasha sun dawo bakin hanya don 'yan kamasho su tare musu fasinja, masu adaidaita sahu da 'yan acaɓa suna kutsawa, ga kuma masallata, alhali hanyar ƙetare kogin ba ta ƙaru da ko taku ɗaya ba don ranar kasuwa ce.

Mutane da yawa sun ɗora zatonsu a kan aikin tagwaita hanyar Kano zuwa Maiduguri, wanda aka ba da kwangilarsa tun 2006, kuma babu mai musun fa'idarsa ga matafiyi mai wucewa. Sai dai cutar Wudil ta mota mai tsayuwa ce, kuma titi komai faɗinsa, muddin ba a ware wa tsayayyu wurinsu ba, za su cinye gefensa su mai da shi ƙunci. Hujjar cewa yawan motocin ma ba dole ba ne kuwa ta bayyana bayan janye tallafin man fetur a 2023, lokacin da tsada ta tilasta wa ma'aikata jingine motocinsu su haɗu a mota guda, aka ga cewa abin da ake ɗauka lalura ce, rabinsa al'ada ce.

Illolin ba ɓoyayyu ba ne: malami ya makara ɗalibai na jira, mai naƙuda ta maƙale kafin ta kai asibiti, yaro ya fito daga bayan tirela direba bai gan shi ba. Amma adalci ya wajabta a ambaci cewa daga wannan tsayuwa ce mai abinci da mai faci da mai talla suke samun na tuwo, don haka kora da tara kaɗai za su kau da wata ɓarna ne su haifi wata.

Malamanmu sun karantar da mu cewa hanya tana da haƙƙi, kuma kawar da cuta daga kanta yana cikin rassan imani. Maslaha ita ce ƙaramar hukuma da hakimi da shugabannin kasuwa da ƙungiyar direbobi su keɓe wa tireloli fili nesa da gada, a mai da lodi cikin tasha tare da rumfunan masu sana'a, kowace ma'aikata ta tanadi bas ga ma'aikatanta, kuma kada a amince da sabon gini a bakin titi sai da wurin ajiye motoci. In an yi haka, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta KAROTA za ta sami hujjar hukunta mai saɓawa, domin an nuna masa inda zai tsaya ya ƙi.