Ido da Tsayuwar Jiki: Darasi Daga Fagen Dambe

Hausawa kan ce labarin zuciya a tambayi fuska. Amma a fagen dambe, irin wanda ake yi a ƙasar Gusau da Tsafe da Bunguɗu bayan kaka, jiki duka ake tambaya. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ganin tsayuwar mutum kan ja hankalin mai kallo, har ya motsa gaɓoɓinsa tun bai yanke shawara ba.

Da farko, ido kan bi inda jikin wani ya fuskanta. A shekarar 1969 Stanley Milgram da abokan aikinsa sun wallafa sakamakon wani gwaji da suka yi a bakin titi a birnin Niyok na Amurka. Da mutum ɗaya ya tsaya ya ɗaga kai sama, wajen kashi 42 cikin ɗari na masu wucewa sun ɗaga nasu; da masu tsayuwar suka kai 15, sai adadin ya kai kashi 86. Haka abin yake a kan titin Sabon Garin Gusau: da 'yan mutane sun juya waje guda, sai saura su waiga.

Na biyu, ganin motsi kan ɗana jiki ga yin motsi. A 1996 Giacomo Rizzolatti da jama'arsa na Jami'ar Parma ta Italiya sun bayyana wasu ƙwayoyi a ƙwaƙwalwar biri waɗanda kan zaburo idan ya damƙi abinci, su kuma zaburo idan ya ga mutum ya damƙa.

Ɗan dambe bai karanta wannan ba, amma da shi yake aiki. Yakan buɗa ƙafafu, ya miƙa hannu ɗaya a matsayin garkuwa, ya ja wanda ya naɗe da kara baya. Idan ya karkata kafaɗa kamar zai kai naushi, sai garkuwar abokin karonsa ta bi kafaɗar da kanta, fuska ta buɗe. Kafin hankali ya gane yaudara ce, mutum ya kai ƙasa, an kashe shi ke nan a yaren 'yan dambe.

Saboda haka gwanintar dambe ba ta tsaya ga ƙarfin damtse ba. Gwani shi ne wanda ya hori idonsa, har ya rarrabe tsayuwar gaskiya da ta tarko kafin hannunsa ya amsa.