Yadda Ake Auna Iskar Metan a Gonar Shinkafa

Duk wanda ya taɓa shiga fadamar shinkafa ya san yadda kumfa ke tasowa daga laka idan an taka ta. Cikin wannan kumfa akwai wata iska da masana ke kira metan. Idan ruwa ya kwanta a gona, yakan hana iskar da muke shaƙa ratsa ƙasa. A irin wannan hali ne waɗansu ƙananan halittu, waɗanda ido ba ya gani, ke cin ruɓaɓɓen bambaro da saiwoyi suna fitar da metan. Abin damuwa shi ne, cikin shekara 100, kilo guda na metan yana riƙe zafi a sararin sama fiye da kilo 25 na iskar kabon da injuna ke fitarwa.

To, yaya ake auna abin da ba shi da launi ko wari? Dabarar ita ce a kama shi. Masu bincike sukan kifa akwati na roba mai haske a kan 'yan gindin shinkafa, bakinsa a nutse cikin ruwa don kada iska ta sulale. Akan sa ƙaramar fanka a ciki domin ta gauraya iskar. Daga nan sai a riƙa zuƙo iskar da sirinji bayan kowane minti 10, har tsawon rabin awa. A ɗakin gwaji, wata na'ura mai rarrabe iska za ta nuna yawan metan a kowane sirinji. Idan aka san saurin ƙaruwarta, da girman akwatin, da faɗin wurin da ya rufe, sauran aiki lissafi ne.

Sai dai aikin yana son kula. Mai awo yakan bi ta kan gadar katako, domin taku ɗaya a laka zai iya sakin kumfa ya ɓata sakamako. Haka kuma dole a maimaita awon daga dashe har girbi, saboda yawan iskar yana canzawa da zafin ƙasa da girman shuka.

Cicerone da Shetter ne suka wallafa sakamakon awon farko na gona a 1981, daga Kalifoniya ta Amurka. Binciken da ya biyo baya a Italiya da Asiya ya tabbatar da cewa mafi yawan metan ta cikin karan shinkafa take fita, domin karan yana da ramuka kamar bututu. An kuma gano cewa idan aka janye ruwa na 'yan kwanaki har ƙasa ta sha iska, sannan aka mayar, metan takan ragu ƙwarai.

Wannan darasi ya shafi manoman rani na Kadawa da na fadamun Kabi. Manomin da ya ƙware wajen janye ruwa a kan kari ya rage kuɗin man injin ban ruwa, ya kuma rage wa duniya zafi.