Hawan Jini Da Kitsen Jini: Jiki Amana Ne

Zancenmu na wannan mako a kan wani baƙo ne mai shiga gida ba sallama, watau hawan jini, da abokin tafiyarsa kitsen jini, wanda likitoci ke kira kolestarol.

Za ka ga ɗan kasuwa ya taso daga rumfa zuwa masallaci, bai yi nisa ba sai sha-raɓarsa ta ɗaure, ya tsaya ya huta, ciwon ya lafa, ya ce ai sanyi ne. Ma'aikaci kuma ya hau benen ofis, ya ji kamar an ɗora masa dutse a ƙirji, ya ce gyambon ciki ne, ya jiƙa kanwa ya sha. Alhali kuwa sau da yawa tushen ciwon biyu ɗaya ne: kitse ya taru a bangon jijiyoyin jini, hanya ta ƙuntata, hawan jini kuma yana ƙara ɓata ta. In mutum ya motsa, tsokar ƙafa ko ta zuciya ta nemi ƙarin jini ta rasa, sai ta yi ƙara da ciwo.

Binciken tafiyar jini ba baƙon abu ba ne gare mu. Ibn al-Nafis, likita kuma malamin fiƙihu da ya rasu a Alƙahira a 1288, ya bayyana yadda jini ke fita daga zuciya ya ratsa huhu ya komo. Saboda haka mai cewa awo da shan magani raunin tawakkali ne ya yi kuskure, domin tawakkali yana tafiya ne tare da riƙon sababi.

Sababi na farko shi ne awo. Idan awon jini ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, a ranaku dabam-dabam, to hawan jini ne, ko da mutum yana jin garau. Kitsen jini kuwa sai an ɗebi jini an gwada. Na biyu, rage gishiri. Hukumar Lafiya Ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini, watau kamar ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen miya da kanwa suna cikin lissafi. A sassauta wa man shanu da kitsen nama, a rabu da taba, a riƙa tafiya da ƙafa rabin sa'a, kwana 5 a mako, gwargwadon shawarar likita. Na uku, maganin asibiti na kullum ne, ba a dainawa don an ji sauƙi. In azumi ya gabato, a nemi likita ya mayar da lokacin sha zuwa buɗa-baki ko sahur. Wanda aka ce azumi zai cutar da shi kuwa, Shari'a ta yi masa rangwame.

Amma fa a kiyaye: ciwon ƙirjin da ya ƙi lafawa bayan 'yan mintoci na hutu, ko ya bazu zuwa hannu ko muƙamuƙi tare da gumi da sarƙewar numfashi, haka nan ƙafar da ta yi sanyi ta mace nan take, ba a jira gari ya waye. A yi addu'a a kan hanyar asibiti.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.