Zaɓen Ɗakin Aiki a Gida a Boɗinga da Shagari

Ɗakin aiki na gida shi ne inda malami, ɗan kasuwa ko ma'aikaci ke rubutu da lissafi a cikin gidansa. A Boɗinga da Shagari da ke ƙasar Sakkwato, zaure ko shagon ƙofar gida ne ya fi dacewa, domin baƙo zai shigo ba tare da ya ratsa wurin iyali ba.

Zafi ne abin lura na farko. Daga Maris zuwa Mayu zafin ƙasar Sakkwato yakan haura digiri 40, shi ya sa ake guje wa ɗakin da ranar yamma ke duka. Katangar ƙasa mai kauri tana riƙe sanyi, silin kuma yana tare zafin kwano. Tagogi biyu masu kallon juna suna ba iska hanya, amma ta arewa maso gabas tana buƙatar labule mai kauri saboda ƙurar hunturu, wadda ke lalata kwamfuta.

Ana gwada sabis na waya a ɗakin kafin a girka tebur. Farantin sola da batir suna riƙe fanka, fitila da kwamfuta idan an ɗauke wuta. Takardu kuwa a akwatin ƙarfe ake ajiye su, nesa da ƙasa, saboda gara da yoyon damina.