Daga Amya Zuwa Lagwani: Yadda Ake Haɗa Kyandir Mai Ƙamshi A Gida

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Funtua ta ratsa Bakori zuwa Malumfashi a lokacin rani, in ya ɗaga kai zai hangi amya a saƙale bisa rassan ɗorawa da kaɗanya. Da bazara ta kama, masu amya kan hau cikin dare da hayaƙi su ɗebe saƙar, a matse zuman a ɗura a kwalabe a kai kasuwa. Abin da ya rage bayan matsa kuwa, sau da yawa bayan gida ake watsar da shi, ko a bar wa yara su tsotse su tofar. Kaɗan ne ke kaiwa hannun dukawa masu goga wa zarensu. Wannan tukuɗi da ake raina wa shi ne kakin zuma, kuma da shi ake yin kyandir mafi daraja a kasuwannin duniya. Ƙasar Habasha ta daɗe tana tara shi tana sayar wa ƙasashen waje.

Ƙudan zuma ba ya samun kaki a banza. Ma'aikatan da ba su wuce kwana 12 zuwa 18 da ƙyanƙyasa ba su ne ke fitar da shi ta wasu kafofi takwas da ke ƙarƙashin cikinsu, 'yan ɓaɓɓaku farare kamar ɓawon kifi, su tauna su gina ɗakunan nan masu kusurwa shida. Masana sun ƙiyasta cewa sai sun sha zuma kilo 6 zuwa 8 kafin su samar da kaki kilo ɗaya. Ashe mai zubar da saƙa yana zubar da zuman da bai gani ba.

Me ke ci a jikin kyandir?

Idan aka tambayi ɗalibai abin da ke ci da wuta a kyandir, mafi yawa za su ce lagwani ne, wasu su ce kaki. Duka biyu ba su cika daidai ba. Ashana takan narkar da kakin da ke jikin lagwani, narkakken ya hau ta 'yan ƙananan kafofin da ke tsakanin silin auduga, kamar yadda kananzir ke hawa lagwanin fitilar ƙwai, ko ruwa ke bin gefen zane in ya taɓa rafi. Da ya isa sama zafi ya mai da shi tururi, to wannan tururin ne ke haɗuwa da iskar oksijin ya kama. Abin da ke fitowa daga ƙunar shi ne tururin ruwa da iskar kabon-dayoksaid, tare da zafi da haske. Hasken nan ruwan ɗorawa na zuwa ne daga ƙananan ƙwayoyin kabon da suka yi ja-wur a tsakiyar harshen wuta kafin su ƙone. A gefen harshen, inda iska ta wadata, zafin kan kai wajen digiri 1,400 a ma'aunin santigiret.

Malami na iya tabbatar wa ajinsa haka da ashana biyu kacal. A hure kyandir, nan da nan a kusanto da ashana mai ci cikin farin hayaƙin da ke tashi, kamar tazarar yatsa biyu daga lagwani. Wutar za ta bi hayaƙin ta sauko ta sake kama lagwanin ba tare da an taɓa shi ba, domin hayaƙin nan kaki ne da bai riga ya ƙone ba. Shahararren masanin nan na Ingila, Michael Faraday, ya nuna wa matasa wannan gwaji a jerin laccocin da ya gabatar a birnin Landan a 1848 kan kyandir kaɗai, aka buga su littafi a 1861.

Akwai wani gwajin da ya kamata malamai su yi hattara da shi. Akan kafa kyandir cikin faranti mai ruwa a kifa masa kwalba, wutar ta mutu, ruwa ya hau, sai a ce wa yara ruwan ya cike gurbin oksijin da ta ƙare ne. Wannan bayani gurgu ne. Oksijin kashi 21 cikin 100 ne na iska, kuma kyandir kan mutu tun saura wajen kashi 16. Babban abin da ke jawo ruwan shi ne iskar da ta yi zafi ta kumbura, sa'an nan ta huce ta takure bayan wutar ta mutu. Mai shakka ya kunna kyandir uku a maimakon ɗaya a ƙarƙashin kwalba guda, zai ga ruwan ya fi hawa, alhali oksijin ɗin da ke ciki ba ta ƙaru ba.

Kaki iri uku

Farin kyandir na kanti da farafin ake yin sa, wato kakin da ake cirowa wajen tace ɗanyen man fetur. Wani Bajamushe, Karl von Reichenbach, shi ya fara ware shi a 1830, kuma daga shekarun 1850 ya soma korar kitsen dabbobi daga masana'antar kyandir. Matatar mai ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, an gina mata sashen fitar da irin wannan kaki. Farafin yana da araha, yana kuma riƙe turare sosai. Guntayen kyandir da suka rage a gida ma ana iya tara su a sake narkarwa.

Na biyu shi ne kakin waken suya, wanda aka soma yayinsa a Amurka a farkon shekarun 1990. Ganin yadda ake noman waken suya a yankin Funtua, ɗalibi zai yi zaton abu ne da za a yi a tsakar gida, amma ba haka ba ne. Sai an tura iskar haidirojin cikin man, da zafi da matsi da taimakon ƙarfen nikel, kafin ya daskare, kuma wannan aikin masana'anta ne. Da wannan dabara kamfanin Procter & Gamble, wanda asalinsa na masu kyandir da sabulu ne, ya daskarar da man anguriya ya fito da shi kasuwa a matsayin man girki a 1911. Bayan haka kuma kakin suya laushi gare shi, zafin watan Afrilu na iya sa shi ya yi gumi a kan kanta.

Kakin zuma ya fi dacewa da wannan ƙasa. Ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 62 zuwa 64, saboda haka bazara ba ta lanƙwasa shi. Yana daɗewa yana ci, kuma da ɗan ƙamshinsa na zuma ya zo.

Tacewa da zubawa

A zuba ragowar saƙa cikin ɗan buhun yadi a ɗaure, a nutsar cikin tukunyar ruwa, a danne da dutse, a ɗora a wuta kaɗan-kaɗan. Kakin zai narke ya ratso yadin ya taso sama, domin ya fi ruwa sauƙi, dattin ya tsaya a buhu. A sauke a bar shi ya kwana. Da safe za a tarar da faifan kaki a saman ruwa, sai a kankare baƙin da ke ƙasansa. Tukunyar baƙin ƙarfe ko ta tagulla na ɓata masa launi, gara ta alminiyam ko langa. Makarantar da ke da akwatin katako da guntun gilashin taga ba ta ma bukatar itace: a shafa wa cikin akwatin baƙin fenti, a rufe da gilashin, a jingina shi yana fuskantar rana, zafin da zai taru ya isa ya narkar da saƙa.

Wajen narkarwa ta biyu akwai doka ɗaya da ba a karya ta. Ba a ɗora kaki kai tsaye a kan wuta. A sa shi cikin gwangwani, a tsayar da gwangwanin cikin tukunyar ruwan zafi. Ruwa ba ya wuce digiri 100 komai yawan itacen da aka tura, shi kuwa kaki in shi kaɗai ne zai yi ta ɗaukar zafi har ya haura digiri 200, tururinsa ya kama da wuta. In hakan ta faru, kada a kuskura a watsa ruwa, domin ruwan zai zama tururi farat ɗaya ya fantsama kaki mai ci ko'ina. Murfi ake kifawa, ko a zuba yashi.

Lagwani shi ne inda yawancin masu koyo ke faɗuwa, kuma abin mamaki ne a ce garin da sunansa ya tafi tare da auduga, garin injin gurza da masaƙa, ya rasa lagwani nagari. Zaren auduga zalla ake so, irin abawa, a kitse shi gida uku. Zaren roba narkewa yake yi. Don a bambanta su, a ƙona bakin zaren: auduga toka take bari, roba kuwa dunƙulewa take yi ta yi tauri. Hikimar kitson ita ce yana sa lagwani ya ranƙwafa gefe yayin da yake ci, bakinsa ya shiga wurin da ya fi zafi ya ƙone da kansa. A Faransa aka gano wannan a shekarun 1820, kafin nan sai an riƙa bin kyandir da almakashi. In lagwani ya yi siriri, wutar za ta haƙa rami a tsakiya ta nutse. In ya yi kauri, sai harshe ya yi tsawo yana baƙin hayaƙi. Kakin zuma na son lagwanin da ya fi na farafin kauri. A tsoma shi cikin kaki ya sha, a miƙar ya bushe, a ɗaure shi jikin tsinke a gitta a bakin gwangwanin madara ko ƙaramin kofin tangaran, yadda zai tsaya a tsakiya.

Maganar ƙamshi

Kaki ɗan gidan mai ne, ba ya shiri da ruwa. Saboda haka turaren fesawa da humra mai ruwa ba sa gauraya da shi, sai su kwanta a ƙasa, wani lokaci su sa wuta ta riƙa tartsatsi. Turaren mai ake nema, ko man da aka tatso daga kanumfari, kirfa, ɓawon lemo ko ganyen bishiyar turare. Kada a zuba busasshen ganye ko garin kayan ƙamshi cikin kyandir, suna toshe lagwani, suna kuma iya kamawa. Awo shi ne kashi 6 zuwa 10 cikin 100 na nauyin kakin, wato a giram 100 na kaki a fara da giram 6, kimanin cokalin shayi ɗaya da ɗan ɗori. Abin da ya zarce haka tsatsowa yake yi ya kwanta a sama. A sauke gwangwanin daga wuta tukuna, a zuba turaren tun kakin bai fara yin fata ba, a juya na minti biyu. Ƙamshi ba wani abu ba ne illa ƙwayoyin sinadari masu saurin tashi, in an zuba su cikin kaki mai tsananin zafi, madafa ce za ta sha ƙamshin, kyandir ya fito lami.

Wanda ke tsoron harshen wuta a ɗaki yana da wata hanya. A zuba kakin mai turare cikin murafen kwalba ko farantin ƙanƙara ba tare da lagwani ba, in ya daskare a ɓamɓaro 'yan dunƙule. A sa ɗaya a ƙaramin kwano a ɗora bisa mazubin ruwan zafi, ko a gefen kaskon turare bayan garwashin ya lafa. Zai narke ya saki ƙamshi ba tare da ya ƙone ba, babu hayaƙi irin na turaren wuta. In an haɗa masa ɗan man kaɗanya ya fi saurin narkewa. Kasko dai ko da ya lafa yana fitar da iskar kabon-monoksaid marar wari mai kisa, don haka ba a rufe ɗaki a kwana da shi.

Ana tallar wasu kyandirori masu ƙamshin lemo da sunan maganin sauro. Gwaje-gwaje sun nuna korar da suke yi ba ta taka kara ta karya ba, kuma ba su kai a ajiye gidan sauro saboda su ba, musamman da damina.

A lokacin hunturu, sa'ad da iska ta bushe kuma ɗakuna ke cike da buhunan masara, kara da auduga, kyandir ɗaya da aka manta ya isa ya cinye amfanin shekara. A kafa shi a kan faranti na ƙarfe ko na ƙasa, nesa da labule da katifa, a rage lagwani zuwa rabin santimita kafin kowace kunnawa, a kashe shi kafin barci.

Ƙungiyar kimiyya ta makaranta na iya mai da wannan sha'awa bincike na sosai. A zuba kyandir uku masu nauyi ɗaya, na farafin, na kakin zuma da na gaurayensu, da lagwani iri ɗaya. A auna kowanne a sikeli, a kunna na awa guda a ɗakin da iska ba ta kaɗawa, a kashe a sake aunawa. Bambancin nauyin shi ne giram nawa kowanne ke ci a awa. Da wannan adadi da kuma farashin kaki a kasuwar Funtua a ranar, ɗalibai za su iya lissafa nawa hasken awa ɗaya ke ci a kowane iri.