Abin da ya kamata ma'aikaciyar lafiya ta iya faɗa wa uwa

A watan Yulin 2023 gwamnatin Jihar Kaduna ta tabbatar da ɓarkewar mashaƙo a Kafanchan, hedikwatar ƙaramar hukumar Jema'a, bayan yara sun rasu da ciwon maƙogwaro da sarƙewar numfashi. Allurar Penta tana kare wannan cuta, kuma kyauta ake yi wa jariri yana da sati 6, da sati 10, da sati 14. Duk inda mashaƙo ya samu yara da yawa ya kama, to an bar giɓi a rigakafi tun shekarun baya. Nisan asibiti da rashin tsaro a ƙauyuka suna da nasu kason, tsoron allura ma yana da nasa. A ganina, babban taimakon da za a yi wa ma'aikaciyar lafiya a Gidan Waya ko Godogodo shi ne a ba ta ilimi da izinin faɗin gaskiya dukanta, har da wadda ba ta da daɗin ji.

A duba yadda jita-jita take samun gindin zama. An yi wa jariri Penta a cinya da safe, da dare jikinsa ya yi zafi, wurin allurar ya ɗan kumbura, ya kwana yana kuka. Hakan yakan faru, kuma yakan wuce cikin kwana ɗaya ko biyu. In ba a gaya wa uwar tun a asibiti ba, surukarta ce za ta yi mata fassara, ko saƙon murya na WhatsApp, kuma da wuya a sake ganinta a sati na 10. In kuwa an ce mata, "Maman yaro, zai iya yin zazzaɓi yau, ki ci gaba da ba shi nono, in ya wuce kwana biyu ki dawo da shi," zazzaɓin da kansa zai zama shaidar cewa ma'aikaciyar ta san aikinta. Ko kwalbar maganin abin nunawa ce: akwai ɗan tambari a jikinta, murabba'i a cikin da'ira, wanda yake yin duhu idan zafi ya lalata maganin. Uwar da ta ga an duba shi a gabanta tana da abin faɗa a gida. Sai dai wannan yana cin lokaci, ga ma'aikaciya ɗaya da layin mata har waje, shi ya sa ƙara ma'aikata ma yaƙi ne da jita-jita.

Za a ce, ai faɗin irin wannan zai ƙara tsorata mutane, balle a taɓo tarihi. Amma mutane sun riga sun san tarihin. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano a cikin yara kusan 200, 11 suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Ma'aikacin da ya ce bai taɓa jin wannan ba ya zubar da mutuncin sauran maganarsa. Wanda ya ce haka ne, an yi, amma Trovan magani ne da ake gwadawa a lokacin, allurar rigakafi kuwa ta bi ta hannun hukumar NAFDAC, shi za a saurara. Da aka ƙaurace wa ɗigon shan inna a Kano a 2003 bisa zargin yana hana haihuwa, cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20, kuma Kano ba ta koma ba sai a Yulin 2004, bayan gwaje-gwaje da kawo magani daga Indunusiya. Daga baya sarakuna ƙarƙashin Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar suka shiga aikin, har aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar a Agustan 2020.

Kudancin Kaduna yana da nasa salon. Lokacin korona an yi ta yaɗa cewa allurar alamar dabba ce ta 666, a wasu gidajen kuma tsohon zargin hana haihuwa ya dawo, don haka amsar da za ta gamsar da mai zuwa cocin ECWA daban take da ta mai zuwa masallacin Juma'a, ko da duka da Hausa za a faɗe su. Fasto da liman da mai unguwa suna buƙatar a zauna da su kafin ranar allura. Haka ma malaman makaranta, tunda allurar HPV mai kare kansar bakin mahaifa, wadda Nijeriya ta fara a Oktoban 2023, 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 ake yi wa, galibi a makarantu, kuma malami iyaye suke fara tambaya me ya sa mata kaɗai. Kwalejin Ilimi ta Jihar Kaduna tana nan Gidan Waya tana yaye malaman da za a yi wa wannan tambaya. Masu cewa a tilasta kawai su tuna cewa Penta sau uku ce, kuma uwar da aka tsorata da hukuma a karon farko ta san hanyar gona a karo na biyu.